Layin da Auta Ta Ƙi Taɓawa

Yaya ya shigo ofishin shagonsu na kekunan ɗinki yana fara'a, kuma duk wanda ya san Yaya ya san fara'arsa ba ta banza ba ce. Ya ture gwangwanin man keke, ya ɗosana a gefen tebur.

"Auta, yau za mu koma sabon kamfani. Shafi da imel, ki kwashe duka."

Auta, ƙanwarsa, ita ke kula da sunan shagon a intanet tun ranar da ta yi masa rajista. Ta buɗe wurin da ake saita shi. Layi biyu ne masu muhimmanci: ɗaya yana nuna kamfanin da shafin shago yake zaune, ɗayan yana nuna kamfanin da imel ke sauka.

"Shafi kam ba matsala," in ji ta. "Imel kuma me ya yi maka?"

Yaya ya sassauta murya. "A can ba za mu buɗe wa Baba akwatin imel ba. In ya tambaya, sai a ce ƙaurar ce ta lalata shi."

Ashe nan aka dosa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ƙi fita daga bakinsa. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar kwamfutarsa mai manyan madannai a falon gida, da yatsa ɗaya na hagu. Tsofaffin teloli har yanzu shi suke rubuto wa, shi kuwa Baba bai iya talla ba. Jiya wata ta ce tana son sabon keke, ya amsa mata: "Kar ki saya. Naki ya fi namu ƙarko, canja bel kawai."

"Korar mana masu saye yake yi," in ji Yaya.

"Gaskiya yake gaya musu."

"To gaskiyar za mu ci?"

Ran Auta ya ɓaci. Ta goge adireshin tsohon kamfani a layin shafi, ta sa na sabon, ta adana.

"Ga shafinka can ya tare a sabon gida. Imel yana nan inda yake."

"Ai sun ce komai wuri guda ake haɗawa."

"Ina ruwansu? Sunan shagon namu ne. Sai in ajiye shafi a gabas, imel a yamma, ba wanda ya isa ya hana ni."

"Ni ne babba a gidan nan, Auta."

"Ba a yi musu ba, Yaya." Ta juyo masa da kwamfutar, ta ɗora yatsa a kan layi na biyu. "Ga shi nan, dannawa ɗaya ce. Goge da hannunka. Amma wallahi ba zan ce ƙaura ce ba. In ya dube ni, zan ce masa kai ne ka rufe masa baki."

Yaya ya kalli layin, ya kalle ta. Ya miƙa hannu. Auta ta san shi da taurin kai, amma ba ta ko ƙifta ido ba. Sai ya janye hannun, ya ja tsaki, ya fice yana cewa maganar ba ta ƙare ba.

Ya wuni a gaban shago yana huce haushinsa a kan kwalaye. Da la'asar ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa da sabuwar hujja a bakinsa. Bai kai ga furta ta ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ƙura wa wayar ido har Auta ta tashi ta leƙa.

Daga Baba ne, ba babban baƙi ko ɗaya:

"na ga sabon shafin. ya fi wanda na bari kyau. allah ya yi maka albarka babana."

Rabon Yaya da jin wannan suna tun kafin Baba ya kwanta ciwo. Ya zauna a kan kwalin keke, ya sake karantawa, idonsa ya yi ja.

Auta ta koma kujerarta, ta sake juyo masa da kwamfutar.

"Layin yana nan, Yaya. Bismilla."

Bai ɗago kai ba. Amsa yake rubuta wa Baba.