Ƙyallen Kan Garba Baduku

A shekarun da Nasara suka fara zama a Damagaram, akwai wani baduku a cikin Birni ana kiransa Garba. Ciwon ɓarin kai ne da shi tun yana saurayi. In ya taso masa, gefen hagu yake kamawa daga ido har ƙeya, ya yi ta amai, ko ƙarar turmin maƙwabta ba ya iya ji. Rana kuwa ita ta fi komai tayar masa da shi.

Matarsa Hajara ta san abinta. Da ta ga ya ajiye fata yana runtse ido, sai ta kwaɓa lalle da tsamiya ta shafe masa goshi, ta ɗaure kan tamau da wani tsohon baƙin ƙyalle, ta kai shi ɗaki mai duhu ta yi masa hayaƙin habbatussauda. Ba ya warkewa, amma yana tashi.

Garba yana da ƙane, Suma'ila, mai dafa abinci a bariki. A can ya haɗu da wani Bahindi, mutumin Indiya, da Nasara suka zo da shi yana yi musu rubutu. Mutumin kullum da safe yakan tanƙwashe ƙafa, ya toshe hanci ɗaya da yatsa, ya ja iska a hankali, ya sake ta ɗayan. Suma'ila ya kwaso abin ya kawo gida kamar ya kawo zinariya.

"Matata, zubar da wannan kwaɓin naki," ya ce wa Hajara. "Duniya ta ci gaba. Yanzu da iska ake magani."

"Mijin banza," in ji ta, "iskar da muke sha tun haihuwa, yau ita ce ta zama ta bariki?"

Gaskiya dai numfashin yana ɗan yi wa Garba amfani. Ciwon yana nan, amma yakan daina nishi, jikinsa ya lafa. Hajara ta ce to, a haɗa da lalle.

Sai aka zo neman mazan da za su ɗauki kayan soja a ka zuwa arewa. Mai unguwa ya ce kowa ya fito, lokotoron Nasara, wato likitansu, zai duba, mara lafiya a bar shi. Hajara ta san in Garba ya ɗora kaya a wannan kan cikin rana, ba zai dawo ba. Kuma aka yi dace ciwon ya taso masa da safen. Ta lafta masa lalle, ta ɗaure ƙyallen, har tana godiya ga Allah.

A zaure Suma'ila ya tare shi. "Yaya, haka za ka tsaya gaban Nasara, kai ɗaure kamar tulun da ya tsage? A bariki sun san ni fa."

Garba mutum ne mai kunya, ba ya son baƙo ya ga kasawarsa. Ya kwance ƙyallen ya rataye, ya wanke goshi, ya sa hular sallarsa. Maƙwabcinsu Ɗan Azumi, mahauci mai wuya kamar na bijimi, yana tsaye yana kallo. Da suka fita ya zare ƙyallen, lallen jikinsa bai ko bushe ba.

A fili lokotoro ya bi layi. Ya ga Ɗan Azumi kai ɗaure, lalle yana zubo masa har gemu, yana nishi kamar mai naƙuda, ya ce a sallame shi. Ya iso kan Garba, ya ga mutum tsaf, ido rufe, yatsa a hanci, yana numfashi a natse. Ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya ce wa tafinta bai taɓa jin huhu mai kyau irin wannan ba. Aka ba Garba akwatin da ya fi kowanne nauyi.

Waɗanda suka dawo sun ce wa Hajara a gindin wata ƙaya suka binne shi. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dai zauna kusa da fatar da bai gama ɗinkewa ba.

Suma'ila ya zo zaman makoki, ya yi kukansa, sannan ya ce, "Ina jin da hancin dama ya riƙa farawa. Na sha gaya masa hagu ne."

Bayan kwanaki Ɗan Azumi ya aiko matarsa Balki da ƙyallen a wanke. Balki ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya Hajara, an ce za su sake ɗiba. Ko za ki ƙara ara mana?"

Ta ara musu. Ta ara wa duk wanda ya zo, ita take kwaɓa lallen da hannunta. A wannan shekara ciwon ɓarin kai ya cika unguwar, har lokotoro ya ce ruwan rijiyarsu ne.

Da rani aka kori Suma'ila daga bariki saboda ya ƙona miya, sunansa ya shiga cikin masu ɗaukar kaya. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofarta.

"Matata, ƙyallen nan."

Hajara ta dube shi, ta ninke ƙyallen ta sa a ƙarƙashin tabarmarta.

"Ka fara da na hagu," ta ce.