Layi Na Sha Ɗaya

Kafin Auta ta zo makarantar nan ba ta san ɗanɗanon zuwa ta biyu ba. Tana dai jin labarinsa, kamar yadda ake jin labarin ciwon da bai taɓa kama mutum ba. Tun daga aji ɗaya na firamare ita ke zuwa ta ɗaya, har abin ya daina zama labari a gidansu. Babanta mai gyaran agogo ne, kuma duk takardar sakamakon da ta kawo sai ya sa an lulluɓe ta da leda ya manna a bangon shago, tsakanin agogunan da masu su suka manta da su. Wanda ya kawo gyaran minti biyar sai ya sha bayanin rabin awa kafin ya samu hanyar fita.

To, sai ga ta a makarantar kwana ta masu hazaƙa, inda aka tsinto na ɗaya daga kowane gari aka zuba su aji guda. Mutum talatin, kowa a gidansu shi ne gwani. Watan farko Auta ta zo ta tara. Ta shiga banɗaki ta ci kukanta ta ƙoshi, ta wanke fuska, ta fito ta ɗaura ɗamara. A wata na uku ta hau ta biyu. Nan kuma ta maƙale, domin a samanta akwai Gyangyaɗi.

Sunan ba a banza aka sa mata ba. Yarinya ce doguwa, siririya, wadda da zarar malami ya juya ga allo sai kanta ya fara rinjaya. A tashe ta a tambaye ta, ta murtsuke ido, ta dubi allon kamar yau ta fara ganinsa, sannan ta faɗi amsar da sauran suka yi minti ashirin suna nema. Safarta ba ta taɓa zama iri ɗaya ba. Bironta kullum ya ɓata, kullum kuma na Auta take ara, don gadonsu ɗaya, mai hawa biyu: Gyangyaɗi a sama, Auta a ƙasa. Ko a wurin kwanciya ma ita ce a sama, kuma Auta ta lura da wannan.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne yarinyar ba ta da abin zargi. Da tana da girman kai, da an samu abin kamawa. Ina. Idan aka raba takardun gwaji sai ta tura tata cikin jaka ba tare da ta duba maki ba, ta leƙo ta Auta ta ce, “Kai, tamanin da tara? Kin yi ƙoƙari wallahi.” Da gaske take faɗa, har zuciyarta. Auta kuwa sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi, don ta riga ta hango casa'in da bakwai a kusurwar takardar da aka cusa a jaka. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma ta san sunansa. Tana tashi da shi, tana cin abinci da shi, tana wanki da shi.

Makarantar tana da wata al'ada da ɗalibai ke kira koren biro. Ba a miƙa wa malami babban aiki sai wani ɗalibi ya duba shi layi-layi, ya nuna kuskure da koren biro, mai aikin ya gyara, sannan mai dubawa ya rubuta “Na duba” a ƙasa ya sa hannu. Abokin gadonka shi ne abokin dubawarka. Malamar lissafi, wadda ake kira Jan Biro a bayan idonta, ita ta fi kowa riƙe wannan al'ada. Takan ce lissafin da mutum ɗaya kaɗai ya gani bai gama zama lissafi ba, kuma wanda ya sa hannu a ƙasan aikin wani ya ɗauki rabin kayansa ke nan.

A zango na biyu Jan Biro ta shigo aji da sanarwa. Za a yi gasar lissafi ta makarantu, kuma ajinsu kujera ɗaya tak aka ba shi. Ta rubuta tambaya guda a allo, ta ba su mako ɗaya. Wanda amsarsa ta fi tsafta shi zai tafi. Duk ajin suka juya suka kalli Gyangyaɗi, wadda a lokacin take neman murfin bironta a ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya kalli Auta.

Ranar Lahadi da rana ake ba su waya a ofishin mai kula da ɗakin kwana, kowa minti biyar. Auta ta ba babanta labarin gasar. Tana jin ƙarar agogunan shagon ta cikin wayar.

“Ita yarinyar nan ta saman gadonki,” in ji shi, “har yanzu ita ce a gaba?”

“Ita ce, Baba.”

“To, Allah ya yi mata albarka. Ki riƙa zama kusa da ita, Auta, kya ƙaru.”

Ta ce to. Mutumin da bai taɓa ce mata ta koya a wurin kowa ba, yau shi ke tura ta ɗaukar darasi. Ta ajiye wayar da sauran minti biyu a lokacinta.

Kwana huɗu ta yi tana fama da tambayar. Lokacin hutu, lokacin wasanni, har a layin karɓar abinci tana rubutu a tafin hannu. Ta fito da amsa mai shafi shida, kowane mataki a ɗaure tamau. Ranar Alhamis bayan la'asar suka haɗu a ɗakin karatu, a teburin da ke kusa da taga, suka yi musayar takardu. Gyangyaɗi ta miƙo shafi ɗaya da rabi, gefensa da tabon shayi.

Auta ta fara karantawa. Hanyar da yarinyar ta bi ba ta cikin littafinsu. Inda Auta ta yi shafi uku tana zagaye, ita layi huɗu ta yi ta ɓulla. Abin ya yi kyau, kyawun da ke sa mutum ya ji haushin kansa. Auta ta ji hawaye na neman zuwa, ta danne, ta ci gaba.

A layi na sha ɗaya idonta ya tsaya. Gyangyaɗi ta raba ɓangarorin biyu da wani adadi, ba ta tsaya ta nuna cewa adadin ba sifiri ba ne. Kuma yana iya zama sifiri. Auta ta jawo shafin ƙarshe na nata aikin, ta gwada da fensir a bayansa, ta ga lallai akwai inda yake zama. Ba a raba abu da sifiri, ko ɗan aji ɗaya ya san haka, amma a nan ya ɓuya cikin alamar baka da harufa yadda sai mai ido zai gan shi. Duk abin da ya biyo bayan layin a kansa ya tsaya. Gyaran kuwa bai fi layi uku ba. Da an nuna mata, kafin a kira cin abinci ta gama.

Auta ta cire murfin koren biro. Ta ɗaga kai ta dubi abokiyarta. Gyangyaɗi ta duƙufa a kan shafi na huɗu na aikin Auta, harshe a gefen baki, yatsa na bin layi.

“Auta, zo ki ga,” in ji ta a hankali. “Nan kin juya alama, ragi ya koma tarawa. Sai kuma nan, kin tsallake mataki, Malama za ta kama ki. Sauran duk lafiya. Aikinki akwai tsari, ni ban iya haka ba.”

Auta ta karɓa, ta gyara wurare biyun a gabanta. Kuskure biyu a nata, an gano su cikin ruwan sanyi, har da yabo a kai.

“Nawa fa? Kin ga wani abu?”

“Ban ga komai ba,” in ji Auta.

Ta rubuta “Na duba” a ƙasan shafi ɗaya da rabin nan, ta sa hannu. A hanyar komawa ɗaki ta yi ta gaya wa kanta cewa ai ba ita ta rubuta layin ba, kuma kowa yana iya tsallake abu irin wannan. Zuciyarta ba ta karɓa ba.

Ranar Litinin da hantsi aka aiko su biyun su je ofishin Jan Biro. Ɗaki ne ƙarami, littattafai har bakin taga, fanka na juyawa da ƙyar. Takardunsu suna kan tebur, gefe da gefe. A kusa da su akwai fom ɗin gasar, layin suna babu kowa.

Malamar ta fara da Gyangyaɗi. Ta juyo mata takardarta, ta ɗora bakin biro a layi na sha ɗaya. Gyangyaɗi ta duba, ta sake dubawa, sai ta dafe goshi.

“Sifiri,” in ji ta. “Wayyo ni.”

“Sifiri,” in ji Malama. “Hanyarki ta fi ta kowa kyau a ajin nan, amma ta karye a tsakiya. Ta Auta doguwa ce, sai dai babu inda ta yoyo. Ita za ta tafi.”

Ta jawo fom ɗin ta rubuta sunan Auta, harafi bayan harafi. Auta tana kallo. Abin da ta yi kwana da kwanaki tana roƙo ga shi a rubuce, da jan tawada. Ta jira daɗin ya zo.

“Saura magana ɗaya,” in ji Malama, ta nuna koren rubutun da ke ƙasan takardar Gyangyaɗi. “Wannan sa hannunki ne, Auta. Kin ce kin duba.”

Kafin Auta ta buɗe baki Gyangyaɗi ta riga ta.

“Malama, don Allah kar ki ga laifinta. Hanyar da na bi ba mu kai wurin ba a aji, a wani littafi na tsince ta. Ta yi mata nisa. Ba yadda za a yi ta gani, ko sau goma ta karanta. Laifina ne da na ba ta abin da ya fi ƙarfinta.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, har tana dafa hannun Auta. Malama ta gyaɗa kai.

“Haka na yi zato,” in ji ta. “Ba komai, Auta. Ba a tambayar mutum abin da idonsa bai kai ba. Kuna iya tafiya.”

Shi ke nan, an wanke ta. Kujera tata, suna a fom, ba wanda ya zarge ta. Abin da ya rage kawai ta miƙe ta ce na gode ta fita. Gyangyaɗi har ta ɗauki jakarta.

Auta ba ta iya miƙewa ba. Ya fi ƙarfinta. Idonta bai kai ba. Kalmomin suka yi ta yi mata yawo a ka, kuma gyaɗa kan da Malama ta yi ya fi su zafi, don ko gardama ba ta yi ba, ta yarda nan take. Haka za su ci gaba da ganinta ke nan har ta gama makarantar: mai ƙoƙari, mai tsari, wadda ta tafi gasa don gwanar ta yi tuntuɓe. Ta san abin da shiru zai ba ta, ta san abin da magana za ta ƙwace mata. Ta iya lissafi, ai. Amma bakinta bai jira lissafin ba.

“Na gani,” in ji ta.

Malama ta ɗago.

“Layi na sha ɗaya. Idan adadin farko ya yi daidai da na biyu, abin da ke cikin baka ya zama sifiri. Sai a ware wannan a yi shi daban, layi uku ya isa. Na gwada a takardata, yana nan a shafi na shida, ta baya. Na gani tun ranar Alhamis.”

Malama ta juya shafi na shida. Ga shi nan kuwa, ƙananan rubutu da fensir. Ta daɗe tana dubawa.

“A karatu na nawa kika gan shi?”

“Na farko.”

“Ni sai a na biyu,” in ji Malama.

Daɗin da Auta ta jira ɗazu bai zo ba, sai yanzu ya zo. Ya ratsa ta tun daga ka har ƙafa, ta ji shi sarai, kuma ta ji kunyar jin sa. Tana cikin haka Malama ta jawo fom ɗin, ta ɗora rula, ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan sunanta.

Gyangyaɗi ta janye hannunta daga kan na Auta. Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga murya ba. Kallonta kawai take yi, irin kallon da take yi wa tambayar da ba ta gane ba.

“Ni naki sau uku na karanta,” in ji ta. “Tsoro nake ji kar in bar miki wani abu.”