Akwatin Asabar

Kwana uku ke nan hayaƙi yana tasowa daga bayan katangar Papa Larbi, kuma Maame Oforiwaa ta san ba shara ake ƙonawa ba. Warin takarda daban yake. Ta ajiye agadar da take ɓarewa, ta kifa turmi ta hau, ta leƙa. Ga tsohon nan a kujera gaban garwa, farar riga a goge kamar mai zuwa coci, yana zaro takarda, ya karanta, ya jefa wuta. Mutumin da likita ya sallamo ya jira ranarsa a gida, me ya haɗa shi da ƙone-ƙone in ba yana da abin ɓoyewa ba?

"Maame, in faɗuwa za ki yi, faɗo ta nan ɓangaren," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Dedaa na gida, ta iya ɗorin karaya."

Dedaa 'yarsa ce, ma'aikaciyar jinya da ta baro aikinta a birnin Tema ta zo zama da shi.

"Shanyata nake dubawa. Hayaƙinka ya ɓata min zannuwa."

"Ayya. Yau zan gama."

Ta sauka tana tsaki. Shekara goma sha tara ke nan ba ta amsa gaisuwar mutumin nan da zuciya ɗaya ba, kuma kowa a garin nan na Mamfe ya san dalili. A da shi ne shugaban ofishin jarrabawa a jami'ar da mijinta, Dakta Opare, yake koyar da lissafi. Shi da Opare kwaleji ɗaya suka yi, ta mishan ɗin nan da ke kan tudu, inda ƙararrawar biyar na asuba take tayar da yaro har ya tsufa. 'Yan kwalejin ba su ɓuya. Tafiyarsu ɗaya, ƙullin takalminsu ɗaya, rubutunsu ma ɗaya, a karkace, da lambar bakwai mai ɗamara a tsakiya.

Wata rana takarda ta shiga ofishin jarrabawa, babu suna, tana cewa Opare ya ƙara wa ɗan ƙanwarsa maki. Sati biyu bayan haka ya ajiye aiki, aka rubuta wai rashin lafiya. Mai buga takardun ofishin ce ta raɗa wa Maame cewa rubutun na 'yan kwaleji ne, kuma duk ofishin nan mutum ɗaya ne mai wannan hannu, wato Larbi. Me kuma ya rage a faɗa mata? A al'adarsu dai ɗan ƙanwa magajin mutum ne, wa zai zuba ido ya faɗi a kan maki uku? Opare bai taɓa cewa uffan ba. Har ya rasu yana gaida Larbi ta kan katanga, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Da la'asar Dedaa ta ƙwanƙwasa.

"Maame, Papa na son ganinki."

To, an zo wurin. Yana son a yafe masa ya tafi fes, fasto ya tsaya ranar jana'iza yana zuba masa kirarin gaskiya. Ta ɗaura zani, ta ƙudurta ko ruwan gidan ba za ta sha ba.

Ta same shi a gado, ya rame fiye da yadda ta hango daga katanga. Agogonsa na kan tebur, kusa da littafin waƙoƙin coci, an jera su tsaf. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya.

"Kin san akwatin Asabar?" ya tambaya.

"Ni ba 'yar kwalejinku ba ce."

"Akwati ne a ƙofar cocin makaranta. Wanda ya yi laifi a cikin mako, shi zai rubuta da hannunsa ya jefa. Ba a kai ƙarar wani, kanka kake kaiwa. Ba a sa suna, lambar wanki ake sawa, wadda ake ɗinka wa kowa a wuyan riga. Tawa casa'in da shida."

Ya buɗe bangon littafin ya nuna mata, sannan ya zaro ambulan daga ƙarƙashin matashi. Ta buɗe. Takardar ƙarar Opare ce, layi huɗu, rubutu a karkace. A ƙasa, inda suna ya kamata, an sa 217.

"Ya kawo min da kansa, ranar Asabar, har gida. Na ce, Opare, ɗauki abarka, mu gyara makin a rufe zancen. Ya ce min tun yaushe ake maido takarda daga akwati?"

"Ƙarya ne."

"Ya sa ni alkawari ba zan faɗa miki ba yana raye. Da ya mutu kuma sai na ga gara ki riƙe ni a zuciya da ki riƙe shi."

"To yau me ya sauya? Tsoron kabari?"

Ya yi dariya, tari ya katse ta. Sai da Dedaa ta ba shi ruwa ya samu magana.

"Sau uku ina kai ta bakin garwa. Sauran duk nawa ne, na ƙone. Wannan ba tawa ba ce."

Ta miƙe. Ai wanda ya kwana ɗaki ɗaya da mutum shekara huɗu ya san lambarsa, kuma hannun duk ɗaya ne. Tsoho mai wayo, yana son ya ɗora wa mamaci. Ta jefa ambulan a jaka, ta fita ko sallama babu. Kwana biyu jakar na rataye a ƙusa, tana wuce ta kamar ba tata ba.

Ranar Alhamis da hantsi, tana tsince ganyen miya, kukan Dedaa ya ƙetaro katanga. Ta daɗe da ganye ɗaya a hannu. Daga nan ta shiga ɗaki ta sauko da jakar, ta sake karanta layukan huɗu, ta juya takardar don ta ninke. A bayan akwai wani rubutu, manya-manya, da fensir: gishiri, busasshen kifi, manja, sabulu. Hannunta ne. Shafi ne daga littafin cefanenta da yake zama a kan teburin ɗakin kwanansu, wanda babu baƙon da ya taɓa shiga.

Kunya ce ta fara kama ta, baƙin cikin sai daga baya.

Ta durƙusa ta jawo tsohon akwatin ƙarfen Opare na kwaleji daga ƙarƙashin gado, inda take ajiye zannuwanta na fita. Farin fentin lambar wankinsa da ke kan murfin ya dushe, amma bakwai ɗin na nan da ɗamararta. Ta tono zanin makoki mai fari da baƙi, wanda ake ɗaura wa tsohon da ya cika kwanansa, wanda ta rantse ba za ta ɗaura wa Larbi ba. Ta shimfiɗa shi a kan gado, ta jona dutsen guga, ta zauna tana jiran ya yi zafi. A waje iska na sauke tokar takarda a kan shanyarta.