Kafinta a Ƙaramar Kujera

Duk layin an san Kafinta da abu biyu: ƙofar da ya haɗa ba ta kuka, shi ma kuma ba ya magana. In ka je shagonsa za ka tarar da ƙusoshi jere a leɓensa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ya gyaɗa kai, ya ɗauko ma'auni. Mutane su ce, "Kai, wannan bawan Allah akwai kamun kai." Kamun kai ina! In'ina ce da shi tun yana yaro, irin wadda take shaƙe mutum har idonsa ya kawo ruwa. Dariyar da 'yan ajinsu suka yi masa ce ta koya masa shiru, ya kuwa iya shirun nan har ya zame masa ado.

Matarsa ungozoma ce a asibiti, ita kuma Allah ya ba ta bakin mutum biyu. Da ya ce "Sh-sh…" sai ta ce, "Shayi? Ga shi nan." Ya ce "G-g…" ta ce, "Gobe? Allah ya kai mu." Sau da yawa ba abin da yake nufi ke nan ba. Shayin da ya sha a gidan nan ba tare da ya nema ba, wallahi ya isa cika randa, amma bai taɓa ƙorafi ba, don ya san so ne ya sa take yi.

'Ya'yansu maza duk bakin uwarsu suka ɗauko. Auta ce kaɗai ta ɗauko nasa, 'yar aji biyu mai giɓi a gaba, wadda ba ta da wurin zama sai kusa da ƙafarsa. Ranar da ya fara jin ta ta maƙale a kan "Baba", sai ya fita waje ya yi ta goge katakon da ya riga ya yi santsi.

Makarantar su Auta tana da wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda ake kai yaran da ke buƙatar ƙarin taimako: masu fama da karatu, masu fama da lissafi, da masu irin harshen Auta. Wadda ke kula da harkar magana, yara sun sa mata suna Malama Sannu, saboda komai ka yi sai ta ce, "Sannu dai, ba inda za mu." Tsarinsu shi ne duk Laraba in an tashi, uba ko uwa ya zo ya zauna da yaro, ya ga yadda ake yi, don a ci gaba a gida. Ungozoma ce ke zuwa kullum. Kwatsam aka sauya mata lokacin aiki.

"Baban Auta, yau kai za ka je," in ji ta, tana neman ɗayan takalminta a ƙarƙashin gado.

"N-n-n…"

"Na sani, aiki. Katako dai ba ya gudu. Malamar ma ta ce kai take son gani. Wai 'yarka ta daina magana a aji gaba ɗaya, ko sunanta aka kira sai dai ta ɗaga hannu."

Haka ya karkaɗe garin katako daga gashinsa, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya tafi kamar wanda aka kira gaban alƙali.

Ɗakin bai fi shagonsa girma ba. Akwai madubi dogo a bango, da hotunan baki iri-iri, wani a buɗe, wani harshe a waje, da kwandon littattafai, da kujerun yara masu launi. Babbar kujera babu. Kafinta ya zauna a wata koriya, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ƙafar kujerar ɗaya tana rawa, ya ji hannunsa na ƙaiƙayin guduma. Auta ta dube shi a haka ta toshe baki tana dariya.

Malama Sannu ta aike ta ofis ta karɓo alli. Da yarinyar ta fita, ta jawo tata 'yar kujerar kusa.

"Baban Auta, na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru a aji. Ta daɗe kafin ta ba ni amsa. Ce min ta yi, 'Babana ma ba ya magana, kuma kowa yana ganin girmansa. Ni ma haka zan yi.'"

Allah sarki. Kafinta ya ji kamar an ɗora masa gungume a ƙirji. Shi da yake ɓoye abin nan don kada ta koya, ashe ɓoyon ta koya.

"Ba laifi nake ɗora maka ba," in ji malamar. "Sonka take yi, inda ka taka nan take takawa. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ta taɓa jin ka maƙale, ka ci gaba da kanka har ka kai ƙarshe?"

Ya yi tunani, ya duba baya iya ganinsa. Ya girgiza kai.

Auta ta dawo da alli. Malama ta zaro wani littafi mai hoton agwagwa da ta je kasuwa sayen takalmi, ta ce dokar ɗakin nan guda biyu ce: ba a ƙarasa wa kowa maganarsa, ba a kuma sunkuyar da kai in wani ya maƙale. Daga nan ta ce su karanta su uku a tare, murya ɗaya.

Ikon Allah! Kalmomin nan suka riƙa fita daga bakin Kafinta sumul, kamar zarto a katako mai laushi. Har ya waiga ya dubi madubi, ko wani ne ke karantawa. Malama ta ce ba warkewa ba ce, in muryoyi suka haɗu harshe yakan ɗan samu hutu. Can sai ta janye tata muryar, ya rage uba da 'ya suna tafiya tare, agwagwa tana gwada takalmi duk ya yi mata kaɗan.

"To, yanzu kowa layinsa shi kaɗai. Auta, bismillah."

Auta ta tsuke baki ta ɗora ido a ƙasa. Aka jira, aka jira, ko uffan.

"Ba komai," in ji Malama. "Baba ya fara mana."

Kafinta ya waiga. Ƙofa na nan a buɗe, da zai miƙe ya fita ba mai riƙe shi. Ya dubi tsakiyar kan yarinyar, inda kitsonta ya fara warwarewa, ya ja numfashi.

"Agwagwa ta ce, wannan t-t-t…"

Shi ke nan, in'inar ta riƙe shi. Muƙamuƙinsa ya ƙage, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya rufe da kansa. Ba ungozoma, ba ƙusa a baki. Malama ba ta ƙarasa masa ba, ba ta kuma kau da kai ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar ɗan yaro a gaban allo, amma bai saki ba.

"…t-t-takalmin ya matse ni."

Da ya buɗe ido, Auta ta saki baki tana kallonsa.

"B-b-baba, kai ma har haka?"

"Ni m-ma."

"T-tun yaushe?"

"Tun ina k-k-kamarki."

Ta miƙa ɗan yatsa ta taɓa maƙogwaronsa, kamar mai duba inda ƙaya ta shiga. Sannan ta jawo littafin gabanta ta karanta layinta. Ta maƙale sau biyu, ta fita sau biyu. Malama Sannu ta ce, "Sannu dai," ta juya tana gyara kwandon littattafan da ba abin da ya same shi.

A hanyar gida suka biya kantin bakin titi. Da ma in sun zo, Auta nuni take yi da yatsa, uban ya biya, a wuce. Yau kantin cike yake da masu ɗauko yara daga makaranta. Da layi ya zo kansu, Auta ta yi ɗage ta kama bakin teburin kantin.

"Ina son b-b-b…"

"Biskit?" in ji mai kanti, hannunsa har ya kai. "Biro? Burodi? Yi sauri 'yar gidan Kafinta, mutane na jira."

Wani a baya ya yi 'yar dariya. Yarinyar ta sauke ƙafa, kafaɗunta suka zube, ɗan yatsan nan ya fara tasowa zai yi nuni. Kafinta ya ga yatsan, ransa ya ɓaci.

"B-b-b-b…"

Kafinta ne ya buɗe baki. Mutanen da suka shekara suna yabon kamun kansa duk suka juyo suna kallon wuyansa na rawa. Ya bar su suka kalla.

"B-b-bari t-ta ƙarasa."

Mai kanti ya janye hannunsa a hankali. "Yi haƙuri, maigida. Ina jin ki, 'yata."

Auta ta ɗaga kai ta dubi ubanta, ta sake kama bakin teburin.

"B-b-balan-balan. J-ja."

Aka ba ta. Tun daga ƙofar kantin ta fara ba uban labarin ajinsu, tana maƙalewa tana fita: wadda suke zama benci ɗaya ba ta da aiki sai cin gindin fensir, malamin lissafi in ya yi atishawa har tagogi suna amsawa, ita kuma ta san amsar tambayar jiya, ba ta dai faɗa ba ne. Duk wannan Kafinta bai taɓa sani ba. Da suka iso kwanar gidansu labarin bai kai ko rabi ba, sai ya riƙe hannunta suka miƙe, suka bi ta doguwar hanya.