Teburina Mai Gwiwoyi

Mijina mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ko ƙofar ajin makarantar da muka je aiki ce take ƙara, sai ya koma mota ya ɗauko mai ya ɗiga mata. Ya taɓa kwance rediyon wani mai gadi ya gyara, alhali bawan Allahn ko roƙonsa bai yi ba. Amma ɗan teburina mai naɗewa, wanda ƙafarsa ta karye tun farkon fitowarmu hanya, shekara da shekaru yana ce min gobe. Na yi mita har bakina ya gaji, na bar shi da halinsa.

Dogo nake kiransa, don sai ya sunkuya yake shiga yawancin azuzuwa. Shi kuma Injiniya yake ce min, da tsokana. Sana'armu hoton 'yan makaranta, na katin shaida da na aji gaba ɗaya. Tun da yaranmu suka kama gabansu muka cire kujerun bayan 'yar bas ɗinmu, muka shimfiɗa katifa, muka ɗaure akwatunan kaya da risho da ƙaramar firinta, muka kama hanya. Yau muna wannan gari, jibi muna wancan. Shi ne mai ɗauka, ni ce mai gyarawa: in daidaita haske, in goge ƙurar da ta hau fuska, in yanka hoton daidai kati, sannan mu buga.

A wancan lokacin kwamfutar cinya gare mu, wata jibgegiya mai nauyin jariri, ga zafi kamar dutsen guga. Ranar da teburin ya karye muna tsakiyar aiki, Dogo ya zauna a bakin ƙofar motar, ya ninke tawul a kan gwiwoyinsa, ya ce, "Ɗora nan kafin in gyara." Na ɗora. Tun daga ranar haka muke aiki. Da la'asar in an tashi yara, sai ya zauna ya shimfiɗa tawul, ni kuma in zauna gefensa kafaɗa da kafaɗa, linzamin kwamfutar yana kan murfin akwatin kyamara.

To shi teburin nawa ba ya yin shiru. Duk hoton da ya fito yana da labarinsa.

"Wannan sai da na yi kukan akuya kafin ya yi dariya."

"Wannan haƙoranta na gaba ne suka zube, shi ya sa ta ƙulle baki. Ki bar ta haka."

"Kar ki taɓa kumatun nan, ba datti ba ne, tawadar Allah ce."

In ya cika motsi in daka masa tsawa in ce tebur ba ya rawa. Ya ce teburin da ba a ba shi shayi ba dole ya yi rawa. Haka za mu yi ta yi har rana ta faɗi, aikin da bai kai ya kawo ba ya cinye mana yammaci guda.

Wata rana muka faɗa wani rami a hanya, jibgegiyar ta zamo daga kan akwati ta daki ƙasa. Dogo ya kwance ta, ya hura, ya goge, ya mayar, ko tari ba ta yi ba. Mai gyaran da muka kai wa ya juya ta sau biyu ya ce sai dai haƙuri. Da muka faɗa wa Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ba ta sayo mana irinta ba. Sai ta aiko da kwamfutar hannu, wadda su ke kira tab, da ɗan alƙalaminta, da murfi mai naɗewa ya zama madogari ta tsaya da kanta.

"Mama, ita ce daidai da masu yawo irinku," in ji ta a waya. "Ki hutar da Baba da ɗaukar kaya."

Dogo ya ɗaga ta da yatsu biyu yana leƙa bayanta. "Wannan ai faranti ne. Aiki za ki yi a kai, ko biredi za mu yanka?"

Ni kam, gaskiya ɗaya ce, farantin ya shiga raina. Cikin jakata yake kwana. Caji ɗaya ya wuni, ba sai an tayar da mota ba. Da alƙalamin nan nake bin gefen fuskar yaro kamar mai zanen kwalli, in buɗe yatsu biyu ido ya cika allo. Ina iya aiki a kwance, ina iya yi a layin gidan mai, ina iya yi a kujerar gaba mota na tafiya. Kafin mu isa gari na gaba na gama aikin garin baya. La'asar ta zama tawa, sai in miƙe ƙafa a katifa in kira jikoki mu ga juna. Na yi ta yi wa Dogo albishir cewa gwiwoyinsa sun samu 'yanci, yana cewa madalla.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni fuskar 'ya'yan mutane nake kallo, ban kalli ta mijina ba. Ya rage magana a tuƙi. Ya fara tsintar laifin farantin, wai yana sa yara su yi haske da yawa, wai tsohuwar zuma da ita ake magani. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai da kishin sabon abu, na riƙa ba shi amsa daidai da shi.

Sai ga wata mata ta tare mu a ƙofar wata makaranta, riƙe da hoton 'yarta.

"Baiwar Allah," ta ce min, "yarinyar nan kyakkyawa ce, amma ba tawa ba ce. Ina ɗigon da ke ƙarƙashin idonta? Na kakarta ne ta gado, da shi muke tuna ta."

Na duba na asali, ga tawadar nan ɓaro-ɓaro. Na zaci ƙura ce na share. Kunya ta rufe ni, na ba ta haƙuri, na sake buga mata. Da ta tafi Dogo ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Da na gani da na faɗa miki."

"To ai sai ka yi ta murna, farantin ya yi kuskure," na ce masa. Ya shiga naɗe zanen da muke rataya wa yara a baya.

Ana saura makaranta ɗaya a yi hutun zango, muna tafiya, ya rage rediyo ya yi gyaran murya. Duk lokacin da Dogo ya yi gyaran murya kafin magana, to ya daɗe yana tauna ta.

"Injiniya, mun yi magana da Auta. Ta ce da wannan abin naki ko daga gida za ki iya aiki. In ɗauka in tura miki ta waya, ki gyara ki dawo min da su, ni in buga. Ta ma gyara miki ɗaki. In mun gama wannan makarantar sai in sauke ki, ki huta da jijjigar hanya. Bayanki ma ya samu sauƙi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekarun nan duka da muka yi muna raba kofi ɗaya da bargo ɗaya, ashe kaya ce ni da ake neman inda za a sauke? Na so in tambaye shi ko gajiya ya yi da ni, amma girman kai ya riƙe min harshe.

"Har kun gama shawararku kai da 'yarka? To shi ke nan. Dama ni ma na gaji da minsharinka."

"Haka ne," ya ce, ya ƙara muryar rediyo.

A makarantar ƙarshe aiki muka yi kamar baƙi biyu da aka haɗa haya. Da aka tashi yara na shiga motar ina tattara kayana, ina jefa su jaka da ƙarfi don ya ji. Takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashin kujerar direba. Na durƙusa na zura hannu, sai na taɓo wani abu dogo a naɗe cikin tsohuwar rigarsa, an tura shi can ciki inda tsintsiya ba ta kaiwa.

Ƙafar teburina ce. Ba a karye take ba. An haɗa ta da gam, an ɗaure ta da ƙarfe siriri, an goge, har fenti an shafa mata kalar sauran. Ga kusoshinta a ƙulle cikin leda, ledar ta tsufa har tana marmashewa, fentin ma ya dusashe. Gyaran ya daɗe da kammaluwa, ɗaurawa kawai ya rage. Mutumin da ba ya iya barin abu a lalace bai iya barin wannan ma ba, ya gyara ta tun tuni, sannan ya ɓoye.

Na zauna a ƙasan motar riƙe da ƙafar tebur. Daga nan na hango bayansa, yana zaune a bakin ƙofar motar, inda ya saba. Ya ninke tawul ya shimfiɗa a gwiwoyinsa, ya ɗora tafin hannuwansa a kai, yana kallon yaran da suka rage suna jiran iyayensu. Ban san yammaci nawa ya yi haka ba ina kwance a katifa ina yabon faranti. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya fi shi yawa. Ashe ba korata yake yi ba, gani ya yi na daina zuwa, ya zaci hutu nake so.

Na zare farantin daga murfinsa. Na naɗe murfin tare da ƙafar teburin cikin rigar, na mayar can ciki inda na same ta. Na goge idona da gefen mayafi, na fito.

"Matsa," na ce.

Ya matsa yana kallona a ɗarare.

"Murfin abin nan ya lalace, ya ƙi tsayawa. Hannuna kuma ya gaji. Riƙe min."

"Ya lalace? Kawo in gani, ai ba zai wuce maganaɗisun ba ne. Yanzu zan gyara."

"Gobe," na ce.

Ya dubi gwiwar zanena da ta kwashi ƙurar ƙasan mota, ya waiga ya dubi kujerar direba, sannan ya dawo da ido kaina. Kunnuwansa har motsi suke in ya ji kunya.

"Kin shiga ƙarƙashin kujerata ke nan."

"Takalmina na je nema."

Ya shafa tawul ɗin. "Na ga kin samu sauƙi ne, Injiniya. Na ce kar in zama ni ne nauyin da ya rage miki."

"Kai dai Dogon banza ne, tsawo har sama amma ba ka hango abin da ke gefenka. Wa ya ce maka don hoto nake bin ka gari-gari? Da hutu nake so da tuni ina gidan Auta ina goyon jika. Ni ma da laifina, na samu sabon abu na manta da teburina."

Ya yi 'yar dariya. Na ɗora masa farantin a gwiwa, ya tallafe shi ta baya da manyan yatsunsa, a hankali kamar zai fashe.

"Ba shi da zafi," ya ce. "Tawul ɗin ba shi da amfani yanzu."

"Bar shi a wurin."

Na jingina da kafaɗarsa na buɗe hoton farko. Wani yaro ne mai kunnuwa fato-fato, ya zare ido kamar ya ga maciji. Na kai alƙalami zan daidaita masa kwalar riga da ta karkace.

"A'a, dakata," in ji Dogo. "Shi ya karkatar da ita da gangan, wai haka yayansa yake yi. Sau uku malamarsu tana gyarawa yana mayarwa. Ki bar masa."

Na bar masa. Muka shiga na biyu, da na uku. Aikin da da ni kaɗai ce da na gama kafin ruwan shayi ya tafasa, sai da ya kai mu faɗuwar rana, mai gadi yana ta kaɗa makullai yana jiran mu fita. Ana cikin haka Auta ta kira, fuskarta ta fito a kan allon, ta ganmu mu biyu a matse cikin hoto ɗaya.

"Mama, yaushe za ku iso? Har labule na sa miki."

"Ki ba baƙi ɗakin, 'yar nan. Babanki ba zai iya aikin shi kaɗai ba, ni ma haka."

"To ina murfin da na haɗo miki? Ya na ga Baba ne ke riƙe da ita?"

"Ya lalace," in ji Dogo da sauri. "Zan gyara."

Har yau suna nan ƙarƙashin kujerarsa, ƙafar tebur da murfin faranti, a cikin riga ɗaya. Wani lokacin in muka faɗa rami ina jin suna bugun juna, sai in ƙara muryar rediyo.