Dokin Ƙofar Mang Ruperto

Cin iyaka mugun hali ne, idan kuma ya haɗu da son a gani, mai shi ba ya buƙatar maƙiyi. Na ga haka da idona a lungunmu na unguwar Sampaloc, a kan maƙwabcina Ruperto, wanda na ƙasa da shi ke kira Mang Ruperto don girmamawa. Tare muka yi tuƙin jifni, motar haya, muna samari, ni ne kuma na riƙe 'yarsa Marivic a coci ranar baftismarta. Don haka ba labarin bare nake ba ku ba.

Duk wanda ya zauna a lungun nan ya san abu biyu. Na farko, ruwan gidajenmu duka ta ƙofar Ruperto yake bi, don nan ne gangare, nan kuma murfin kwata yake, wanda muke ɗagawa da ƙarfe mu kwashe leda da ɓawon kwakwa idan ta toshe. Na biyu, kowane gida yana da dokin ƙofa na siminti da ya kai gwiwa. Muna tsallaka shi muna tsaki, mu tsofaffi har da nishi, amma ban taɓa jin mai hankali ya ce zai rushe nasa ba.

Da Kirsimeti ya gabato, Marivic ta aiko daga Hong Kong, inda take aiki, cewa tana tafe, kuma iyayen saurayinta Dindo za su zo daga lardin Batangas neman aurenta. Ruperto ya daɗe da burin idan ta yi aure ta zauna da mijinta a saman benensa, ya ga jikokinsa suna wasa a gabansa. Buri ne mai kyau, ban ga laifinsa ba. Amma da ya ji mutanen suna da gonar kofi, sai barci ya ƙaurace masa. Ya dubi gidansa ya ga bai yi masa ba.

Wata safiya muka tashi muka tarar da yashi da tsakuwa sun tare lungu. Mai zuwa kasuwa sai ta ɗage siket ta hau tudu, mai babur sai ya sauka ya tura. Injin yankan tayil yana ihu tun safe, ƙura tana sauka a kan shanyar mutane, ga yara masu waƙar Kirsimeti suna buga gwangwani a kowace ƙofa. Duk muka haƙura, don wata ne da kowa ke ɗan gyara gida. Ni ma na shafa wa tagata fenti na rataye fitilar tauraro.

Haƙurin ya ƙare ranar da na ga magini yana zuba siminti a kan murfin kwata.

Na kira shi yadda aminai ke kiran juna a nan, na ce, "Pare, me kake yi haka?"

Ya ce, "Farfajiya nake yi, Temyong. So kake surukaina su zauna a kan bakin kwata suna shaƙar wari?"

"Ba filinka ba ne. Na lungu ne."

"Lungun ne ya share shi shekara da shekaru, ko ni?"

"Idan ta toshe fa?"

Ya yi dariya ya nuna sama. "A Disamba? Damina ta wuce, tsoho. Kai ko gwiwarka ce ta yi ciwo sai ka ce hadari ne."

A daidai wannan kusurwa Aling Epang, wata bazawara da ke ƙarshen lungu, take kafa murhunanta duk Disamba, tana sayar wa masu dawowa daga cocin asuba wainar bibingka. Da cinikin wannan wata take riƙe kanta har tsakiyar shekara. Ruperto ya ce ta kwashe, hayaƙi zai ɓata masa tayil.

Ta ce, "Mang Perto, tun Marivic tana goye nake zama a nan. Waina nawa ta ci kyauta?"

Ya ce, "To yanzu ta girma."

Ta tattara kayanta ta koma ƙofar ɗakinta, inda ba hanyar kowa ba ce.

Bai tsaya nan ba. Da aka shimfiɗa tayil fari tas, sai ya ga dokin ƙofar ya tsaya a tsakani kamar ƙari a goshi. Yana so tayil ya zarce sumul daga waje har falo, irin na gidajen da ake nunawa a talabijin. Matarsa Choleng ta tsaya a kan dokin ƙofar ta riƙe ƙugu.

"Perto, ni ce mai ciwon ƙafa a gidan nan, kuma ban ce ka fasa ba."

"Sauka, mace. Matar mai gonar kofi ba za ta ɗaga ƙafa kamar mai hawa doki ba."

Aka sa guduma aka rushe shi.

Marivic ta iso da ƙaton kwalinta na tsaraba, wanda ta yi shekara tana cikawa: takalma, sabulu, cakulan, yadi, da rigar da za ta sa ranar aure. Aka ajiye shi a falo, ba za a buɗe ba sai ranar Kirsimeti. Da ta zo gaishe ni ta ɗora hannuna a goshinta yadda ake gaida manya a nan, sai ta kira ni yadda ake kiran uban baftisma, ta ce a hankali, "Ninong, ina murfin kwata?" Na ce ta tambayi ubanta.

Ranar da baƙi za su zo, jajiberin Kirsimeti, gari ya waye da lumshi. Rediyo ta ce wata guguwa da ta makara tana wucewa ta kudu. Bayan cin rana aka kece da ruwa. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne, mun sha ganin wanda ya fi shi. Amma lokacin biki ne, kwata cike take da ledoji da takardun naɗe kyauta. Nan da nan ta shaƙe, baƙin ruwa ya fara bulbulowa ta kowace kafa.

Mazan lungu muka fito da ƙarfe kamar yadda muka saba, sai muka tsaya cirko-cirko. Babu abin ɗagawa. Na koma na ɗauko guduma. Ruperto ya fito cikin farar rigarsa ta barong, wadda ake sawa ranar biki, ya tsaya a kan tayil ya ware hannu.

"Duk wanda ya taɓa min wannan, sai mun je gaban mai unguwa!"

"Pare, ruwa ya kai idon sawu."

"Zai janye. Baƙi suna hanya. So kuke su tarar da rami?"

Wani daga baya ya ce, "A'a, gara su tarar da kogi. Ka tanadi kwale-kwale?"

Muna wannan jayayya ruwa yana hawa. A sauran gidaje ya zo ya tsaya a dokin ƙofa. A gidan Ruperto kuwa ya sami hanya sumul, yadda mai gidan ya so, ya shige falo ba sallama. Muka ji Choleng ta ƙwalla ƙara. Can ƙasan lungu kuma ya taru ya haura dokin ƙofar Aling Epang, ya jiƙa mata garin shinkafa da gawayi da ƙwai, jarinta kakaf.

Marivic ce ta fito, kwalliyarta ta jiƙe, ta karɓi gudumar daga hannuna, ta fuskanci mahaifinta.

"Tatay, matsa."

Ya dube ta, ya matsa. Ita ta fara dukan tayil ɗin, sannan samari suka karɓa. Da aka ɗaga murfin aka zaro tarkace, ruwa ya zurare cikin ɗan lokaci, ya bar baƙin taɓo da wari.

A haka baƙi suka same mu, takalma a hannu, wando a naɗe. Mahaifin Dindo, Mang Anselmo, dattijo ne mai fara'a. Ya dubi fasasshen tayil ya girgiza kai, ya dafa kafaɗar Ruperto don ya jajanta masa.

"Sannu, Pare. Kai, birni da mugayen maƙwabta! Wane marar imani ne ya toshe muku kwata?"

Aling Epang tana tsaye da jiƙaƙƙen buhunta a hannu, ta ce, "Ga shi nan ka dafa."

Babu wurin zama a gidan Ruperto, don haka a saman benena aka yi neman auren, tun da ni ne uban baftisma. Gasasshen aladen da Ruperto ya saya ma a teburina aka yanka shi. Mang Anselmo bai ɗaga murya ba, bai kuma fasa neman auren ba, don yarinyar ta shiga ransa tun da ya ji ita ta ɗauki guduma. Sai dai duk maganarsa ni da Choleng yake kallo. Da aka zo batun inda yara za su zauna, Ruperto ya buɗe baki ya ce akwai ɗaki a sama. Marivic ta riga kowa amsawa.

"A Batangas za mu zauna, Tatay."

A haka aka rufe maganar.

Kada ku ce gaskiya ta yi halinta kowa ya sami haƙƙinsa. Aling Epang ba ta ci ba ba ta sha ba, amma ba ta sake hura murhu a wannan shekara ba. Mun ɗan haɗa mata abin da ya sawwaƙa, bai kai ko'ina ba. Ruperto kuwa har yau bai taka ƙofarta ya ce yi haƙuri ba, cewa yake laifin masu zubar da leda ne.

Ga abin da farfajiyar ta ci masa. Tayil ɗin ya tafi juji. Kwalin Marivic ya jiƙe tun daga ƙasa, rigar aure ta yi baƙi, aka zubar. Keken ɗinkin Choleng ya yi tsatsa, ita kuma ta daina zuba masa kofi da safe. Ranar Kirsimeti, da ake kai wa juna kwanon taliya gida-gida, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. An ɗaura aure a Batangas, can jikokinsa suke girma, a waya yake ganinsu. Ɗakin sama yana rufe, kwalaye ne a ciki. Dokin ƙofa kuma ya sake gina shi da hannunsa, don maginin ya ƙi dawowa, ya fito a karkace, kullum sai ya yi tuntuɓe da shi.