Jakar Uwargida

Ya sake rataya wata jakar, ya juya wa madubin shagon baya yana leƙe ta kafaɗa. Matarsa na zaune a kujerar roba, ta zabga tagumi.

"Wannan fa? Za a gane akwai kyamara a ciki?"

"Sai dai in kai ka faɗa, Baban yara."

Mai shago ya zuge zif ɗin gefe ya nuna musu. Nan kyamara za ta kwanta cikin soso, sama kuma kwamfuta da kwanon abinci. "Kana zare soson, ta koma jakar ofis."

Abin da maigidan ke nema ke nan. Ranar aiki akawu ne mai kwat da ƙyallin takalmi. Asabar da Lahadi kuwa shi ke durƙuso gaban jama'a yana roƙon a yi murmushi. Albashinsa ko tsakiyar wata ba ya gani, kyamarar ce ke ɗora tukunya, amma ya gwammace a kama shi da kayan sata da a gan shi da ita. Matar, wadda ke riƙe masa fitila a wurin taro, ta karɓi kyamarar in ya gaji, ta dube shi ta taɓe baki. A ci moriyar ganga a ya da kwaurenta, in ji ta a ranta.

Sai ga manajan ofishinsu ya shigo neman akwatin tafiya.

"A'a, Akawu! Jakar kyamara? Kai ma kana taɓawa ne?"

Ya yakice jakar kamar ta ƙone shi, ya rusuna yana yaƙe. "Wa, ni? Haba yallaɓai! Ta uwargida ce. Ka san mata, ɗan abin rage zaman banza."

"To, faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji manaja. "Kamfani na neman wanda zai ɗauki hoton dukan rassanmu, aikin shekara guda. Na fi son na gida." Ya juyo gare ta. "Uwargida, za ki iya?"

Mijin ya shiga ƙifta mata ido. Ta bar shi ya ƙifta har ya gaji.

"Zan iya, yallaɓai. Dama zaman banzan ya ishe ni."

Manaja ya karɓi lambarta, ya wuce wajen akwatuna. Ta miƙe ta ture baƙar jakar gefe.

"Mai shago, miƙo min waccan ja, mai maɗaurin ƙafar kyamara a waje."

Mijin ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ke, kyamarar fa tawa ce."

"A gaya wa yallaɓai? Ga shi can, bai fita ba."

Ta miƙa masa jakar hannunta.

"Riƙe min, in gwada."